Ali da Tyson, wa zai yi kisa? Waiwaye kan gardamar da ta girmi yawancinmu

Duk inda masoya damben boksin suka haɗu in hira ta yi nisa sai an zo nan, wai da za a haɗa Muhammad Ali da Mike Tyson kowanne yana kan ganiyarsa wa zai kai wani ƙasa. Samari su ce Tyson, turmi ɗaya ma ya ishe shi, dattawa su ce kai yaro ba ka ga Ali ba shi ya sa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne irin wannan musun ya fara tun Tyson yana jariri, kuma har kotu sai da ya kai mutane.

A 1967 wani mai shirin rediyo a Miami, Murry Woroner, ya shirya gasar dambe ta kwamfuta. Ya ɗauko zakarun ajin masu nauyi 16 na zamunna daban daban, ya tattaro ra'ayin masana kan ƙarfin naushi da sauri da juriyar kowanne, aka zuba a kwamfutar kamfanin NCR, abin da ta fitar aka riƙa karanta shi a rediyo kamar ana damben da gaske. A gasar nan kwamfuta ta ce Jim Jeffries ya doke Ali. Jeffries fa, mutumin farkon ƙarni na 20 wanda Jack Johnson ya lallasa a 1910. Ali ya fusata ya maka Woroner a kotu yana neman diyyar dala miliyan 1 na ɓata suna, kuma ni dai ina ganin da gaskiyarsa, domin a lokacin an ƙwace masa kambu an hana shi dambe saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Vietnam, sunansa kaɗai ya rage masa.

Sulhun da aka yi shi ne aka ba Ali dala 10,000 ya yarda a ɗauki fim yana dambe da Rocky Marciano, wanda shi ya lashe gasar rediyon. Marciano ya yi ritaya tun 1956 da wasa 49 ba a taɓa cinsa ba, lokacin ɗaukar fim ɗin a 1969 yana da shekara 45, sai da ya rage ƙiba ya sa gashin kanti don ya yi kama da yadda yake da. Suka yi ta gwajin naushi a gaban kyamara aka ɗauki ƙarshe iri iri. Allah bai yi Marciano zai ga fim ɗin ba, ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 31 ga Agusta 1969, aka nuna shi ranar 20 ga Janairu 1970 kuma kwamfuta ta ba Marciano kisa a turmi na 13. Musun bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi.

Shigowar Tyson cikin zancen kuwa tana da tushe, ba haka kawai aka haɗa su ba. Ranar 2 ga Oktoba 1980 Larry Holmes ya yi wa Ali dukan da har yau in ka kalla sai zuciyarka ta karye, Ali yana da shekara 38 jiki ya tafi, kocinsa Angelo Dundee ya tsayar da wasan bayan turmi na 10. Tyson yana ɗan shekara 14 a hannun mai horar da shi Cus D'Amato, kuma Tyson da bakinsa ya sha ba da labarin cewa an haɗa shi da Ali a waya bayan wasan ya yi masa alkawarin in ya girma zai rama masa. Wanda Ali ya yi wasansa na ƙarshe da shi, Trevor Berbick, a Bahamas cikin Disamba 1981, shi ne Tyson ya tarwatsa a turmi na 2 ranar 22 ga Nuwamba 1986 ya zama zakaran duniya yana da shekara 20. Sai Janairu 1988 ya samu Holmes a Atlantic City, Ali yana wajen, Tyson ya kai Holmes ƙasa sau 3 a turmi na 4.

Daga nan masu Tyson suke ɗauko hujja, wai waɗanda suka doki Ali ai Tyson ya yi musu kisa. Wannan hujja ba ta tsayuwa wallahi. Alin da Holmes da Berbick suka samu ba Ali ba ne saura ne, shi ma Holmes ɗin da Tyson ya samu shekararsa 38 kuma ya kusa shekara 2 bai hau dandamali ba.

Hujjarsu mai ƙarfi tana wani wajen, kuma masoyan Ali ba su cika son a taɓo ta ba. Naushin hagu. Sonny Banks ya kai Ali ƙasa da naushin hagu a 1962, Henry Cooper ya yi masa haka a Wembley a 1963, Joe Frazier ya maimaita a turmi na 15 ranar 8 ga Maris 1971. Ali yana da ɗabi'ar sauke hannu yana ja da kai baya, abin da kowane koci yake hana yaro, shi saurinsa ne yake rufa masa asiri. To ga Tyson gajere mai duƙawa yana kaɗa kai dama da hagu yana kutsowa ƙarƙashin hannunka, ya fi Frazier saurin hannu, yana kisa da hannu biyu ba ɗaya ba, kuma Frazier sai ya yi turmi uku huɗu kafin ya yi zafi, Tyson kuwa daga ƙararrawar farko ya riga ya iso. Michael Spinks da ba a taɓa cinsa ba daƙiƙa 91 ya yi a 1988. Duk wanda ya ce turmi huɗun farko ba haɗari ga Ali son kai ne kawai.

Amma ni inda nake tsayawa shi ne me ke faruwa bayan an sha wuya, don nan ne muke da shaida ta ido ba ƙiyasi ba. Ali ya faɗi a gaban Banks ya tashi ya ci wasan, ya faɗi a gaban Cooper ya tashi ya gama da shi a turmi na gaba. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973 ya tsaya har aka gama turmi 12. A Kinshasa ranar 30 ga Oktoba 1974 ya jingina da igiya George Foreman yana jibgarsa a haƙarƙari, Foreman ɗin da ya kai Frazier ƙasa sau 6 cikin turmi 2, Ali yana shan dukan yana raɗa masa magana a kunne har ƙarfinsa ya ƙare ya kwantar da shi a turmi na 8. Tyson kuwa babu wasa ko ɗaya da aka kai shi ƙasa ya tashi ya ci. Buster Douglas a Tokyo a 1990 ya nuna hanyar, dogon hannu yana ta zungurinsa da hagu yana matsawa ba tsoro, Evander Holyfield a 1996 ya nuna ta biyu, ka riƙe shi ka tura shi baya ka ƙi razana. Duka biyun nan sana'ar Ali ce, ga shi ya fi Tyson tsayi da inci 5, tsawon hannu inci 78 da 71.

Masu Tyson za su ce ai wannan ba Tyson na asali ba ne, D'Amato ya mutu a 1985, an kori koci Kevin Rooney a 1988, yaro ya rasa mai tsawata masa. Gaskiya ne kuma abin tausayi ne. Sai dai ko a shekarun ganiyar James Tillis ya kai shi turmi 10 da yawo da ƙafa a 1986, Bonecrusher Smith da Tony Tucker sun kai shi 12 a 1987, ya ci su duka amma an ga cewa in ka tsallake guguwar farko yana lafawa. Kuma salon nan na D'Amato Ali ya san shi, Floyd Patterson ɗan gidan ne kuma sau biyu Ali yana doke shi, duk da Patterson bai kai Tyson ƙarfi ba.

Akwai kuma maganar da ake mantawa, turmi nawa za a yi? Zamanin Ali wasan kambu 15 ne, bayan mutuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim sakamakon raunin da ya samu a wasa a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. In 15 ne ban ga yadda Tyson zai kai ba. Sannan wane Ali, na 1966 da ya yi raga raga da Cleveland Williams yana rawa da ƙafa, ko na 1974 mai tsayawa a igiya? Na 1974 ɗin ne nake wa tsoro, don tsayawa a igiya gaban mai gajeren naushi daga ƙasa ba daidai yake da tsayawa gaban Foreman ba. Na 1966 kuwa ni a ganina zai sha wuya turmi huɗu, wataƙila ma ya taɓa ƙasa sau ɗaya, daga turmi na 6 wasan ya koma hannunsa.

Su biyun sun taɓa zama tare a shirin talabijin na Arsenio Hall a 1989 aka yi musu tambayar, Ali ya nuna Tyson ya ce naushinsa abin tsoro ne in ya same shi zai kwanta, Tyson kuma ya ƙi karɓa ya ce Ali ne gwanin gwanaye.