Tashar Harobanda da unguwannin ƙetaren kogi a Yamai

Harobanda ita ce ɓangaren birnin Yamai da ke hannun dama na kogin Isa (Neja), wanda a tsarin mulki ake kira gunduma ta biyar. Tashar motocinta na kusa da kasuwar Harobanda, ba nisa da gindin gadar Kennedy. A nan ƙananan bas ɗin da ake kira faba-faba da taksi da baburan haya (kabu-kabu) ke sauke fasinjan cikin gari, a nan kuma masu zuwa garuruwan Say da Torodi ke neman mota. Abu biyu ke tafiyar da harkar wurin: gada da ruwan kogi.

Gada

An buɗe gadar Kennedy a 1970, tsawonta mita 710, kuma shekara arba'in ita kaɗai ce mashigar mota tsakanin ɓangarorin birnin biyu. Hannu biyu gare ta, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Mota guda ta mutu a tsakiya, ko amalanken jaki ɗauke da itace ya shiga gaba, to layi ya ɗauru har kasuwa. Cunkoso ya fi tsanani da safe lokacin fita aiki, sai kuma dab da magariba. Gadar abota ta Sin da Nijar, da aka buɗe a 2011, da gadar Janar Seyni Kountché ta 2021 sun rage nauyin, sai dai mai zuwa tsakiyar gari har yanzu tsohuwar ta fi masa kusa. A kan gadar Kennedy ne aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990, uku suka rasu. Ɗalibai na tunawa da ranar kowace shekara.

Alamomin hanya

Ba a kwatance da sunan titi a nan, da gini ake yi. Babbar alama ita ce jami'ar Abdou Moumouni, wadda ta soma a 1971, kuma ɗalibanta su ne kaso mai yawa na fasinjan tashar. Kusa da ita akwai asibitin ƙasa na Lamorde, da makarantar ma'adinai ta EMIG, da cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma a Sahel tun 1974. Wanda ya haye gadar zuwa cikin gari kuwa zai faɗa kan otel Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès da gidan tarihi na Boubou Hama.

Unguwannin da ake kiran sunansu a tasha sun haɗa da Lamorde, Karaje, Gaweye, Kirkisoye, Nogare, Banga Bana da Sagiya. Lamorde tsohon zaman Fulani ne tun kafin birni ya iso ta. A Kirkisoye akwai fadamun shinkafa da lambuna. Baƙo ya lura: Gaweye unguwa ce a ƙetare, otel mai wannan suna kuma yana ɗaya gefen, direba na iya kai mutum inda bai nufa ba in bai fayyace ba.

Shiga mota

Faba-faba ba ta da agogo, sai ta cika take tashi, saboda haka mai sauri ya duba wadda ta kusa cika, ba wadda karen mota ya fi ɗaga murya a kanta ba. Taksi na haɗaka ne. Mutum zai faɗi inda ya nufa ta taga, in hanyar ta yi daidai da ta waɗanda ke ciki direba ya tsaya, in ba ta yi ba ya wuce. Haye gada ko shiga lungu mai yashi sau da yawa kuɗin mutum biyu ne, kuma a gama magana kafin a zauna. Da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5: "dala arba'in" sefa 200 ke nan, jika kuma 1000. Rashin canji shi ne rigimar kullum. Zarma ta fi yawo a tashar, amma Hausa na biyan buƙata, Fulatanci ma haka.

Say na da nisan kimanin kilomita 55. Hanyar Torodi, mai zuwa iyakar Burkina Faso, tana fama da rashin tsaro. A tafi da katin shaida, a kuma tambayi direbobi halin hanya a ranar.

Ambaliya

Ƙetaren kogi ƙasa ce mai kwari, shi ya sa ta fi cin wuya. Kogin na cika sau biyu. Cikar farko, ta ruwa mai launin ja, tana zuwa a Agusta da Satumba, lokacin da rafuka irin su Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararo ruwan damina da laka a lokaci guda. Ta biyu, mai tasowa daga Gini, tana isowa a hankali cikin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ta farkon ce ke ɓarna, don ba ta ba da lokacin shiri. A 2012 da 2020 ruwa ya shiga Lamorde da maƙwabtanta, gidajen laka da yawa suka zube, aka kwashe iyalai zuwa makarantu. A irin wannan lokaci taksi kan tsaya a bakin kwalta, sauran tafiyar a ƙafa ce ko a kwale-kwale.