Waiwaye: Kilkenny da dokar da ta so raba baƙi da 'yan ƙasa

Baƙon da ya sauka Kilkenny, a kudu maso gabashin ƙasar Ailan, fādar dutse da ke bakin kogin Nore ce za ta fara ɗauke masa hankali. Wani basarake, William Marshal, ne ya gina ta wajen shekarar 1200, bayan Normaniyawa, masu mulkin Ingila a lokacin, sun ƙetaro da yaƙi. Gidan Butler suka saye ta a 1391, suka riƙe ta har 1967, lokacin da magajinsu ya miƙa wa mutanen gari kan fam 50 kacal.

Amma a ganina, ainihin tarihin yana cikin lungunan garin. Da can gari biyu ne: Hightown na baƙi masu mulki, cikin ganuwa, sai Irishtown na 'yan ƙasa, gefen majami'ar St Canice mai wata doguwar hasumiya da har yau ake hawa da tsani. Kamar birni da Sabon Gari ke nan, sai dai a nan baƙin ne a ciki.

Yau da gobe, jikokin baƙin suka saje da 'yan ƙasa, aure da harshe da sutura. Abin ya tayar wa masarautar Ingila hankali. A 1366 Lionel, ɗan Sarki Edward na Uku, ya tara majalisa a Kilkenny, aka kafa doka: ba auratayya da 'yan Ailan, ba magana da harshensu, ba hawan doki babu sirdi irin nasu, ba saukar da mawaƙansu a gida. Har wasan hurling, wanda ake buga 'yar ƙwallo da sanda mai faffaɗan kai, sai da aka haramta. Dokar ba ta yi wani tasiri ba, domin ƙarfin gwamnati bai wuce 'yan garuruwa ba.

Oliver Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya ci garin a 1650. Daga baya harshen Ailan ya yi ta ja da baya, kuma wannan rashi ne babba. Turanci ake yi a Kilkenny yau.

Wasan hurling kuwa yana nan daram. Fita ƙauyuka ta hanyar Thomastown, inda kufan gidan ibadar Jerpoint yake tun da aka rufe shi a 1540, za ka ga yara riƙe da sandunansu suna buga ƙwallo jikin bango. Gundumar Kilkenny ta ɗauki kofin hurling na ƙasa sau 36, babu wadda ta kamo ta.