Ƙarfe nawa ka ajiye salula jiya da dare?

Ba duk ciwon kan safe ne masassarar cizon sauro ba. Idan an yi gwajin jini a asibiti an ga babu komai, amma ga nauyin ido, ga kasala, ga saurin fushi, to sai a duba barci. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7 a dare. A nan Maradi kuwa ladan ba ya jiran kowa: wanda ya tashi daga fada ƙarfe 11, ya kwanta yana latsa salula har ƙarfe 1, awa 4 da 'yan mintoci zai samu kafin asuba. Ya yi haka kwana biyar a jere, bashin barci ya taru, kuma shayi ba ya biyan wannan bashi.

Abu biyu ke hana barcin. Hasken fuskar salula yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shaida wa jiki dare ya yi. Na biyun ya fi ƙarfi: bidiyon TikTok da Facebook ba su da ƙarshe, ɗaya na ƙarewa wani na farawa, kuma da gangan aka tsara su haka. Saboda haka kada ka ce kai ne marar haƙuri. Gyaran yana cikin tsari, tun da rana, lokacin da hankali ke kwance.

Fara da awo. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix, shiga Paramètres ka nemi Bien-être numérique. Zai nuna maka awa nawa ka yi yau, wace manhaja ta ci mafi yawa, da sau nawa ka buɗe salular. Duba kwana 3 ba tare da ka canza komai ba. Daga nan sai ka sa wa manhajar da ta fi cin lokacinka iyaka. Inda ake kuskure shi ne mai yin awa 3 a rana ya yanke wa kansa minti 15. Kafin la'asar ya cire iyakar, ya koma gidan jiya. Rage minti 30 kowane mako ya fi ɗorewa. Wanda salularsa ba ta da wannan wuri, agogon da ke cikinta ya isa: sa ƙararrawa ƙarfe 10, ta zama alamar rufewa.

Sai gurup-gurup na WhatsApp, na dangi, na biki, na 'yan makaranta, na kasuwa. Ba sai ka fita ka jawo wa kanka magana wurin surukai ba. Buɗe gurup ɗin, taɓa sunansa a sama, ka kashe ƙarar sanarwa: akwai awa 8, akwai mako 1, akwai har abada. Saƙonni suna nan suna jiranka, kai za ka zaɓi lokacin karanta su, misali bayan azahar da bayan isha'i. Kira dai a bar shi a buɗe, musamman ga ɗan kasuwar da ke jiran kaya daga Dan Isa ko gidan da ke da mai ciki. A Paramètres na WhatsApp, wurin Stockage et données kuma, kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye. Nan ne forfe, wato datar da ka saya, ke zubewa ba ka sani ba.

Da dare, salula ta kwana nesa da shimfiɗa, inda sai ka miƙe tsaye za ka ɗauko ta, awa guda kafin kwanciya. Kada a sa ta caji ƙarƙashin matashi. Cikin bazara zafin Maradi yana wuce digiri 40, batir ya rasa iska sai ya kumbura. Wanda ya ga bayan salularsa ya ɗaga, ya daina amfani da ita har a canza batir.

Iyaye mata, ga naku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban salula ko talabijin, daga 2 zuwa 4, kada ya wuce awa 1 a rana, ƙasa da haka ma ya fi. Mun san dalilin miƙa wa yaro salula, ga daka, ga tuwo a wuta, ga kuka. Amma yaro yana koyon magana ne daga bakin mai kallonsa yana amsa masa, bidiyo kuwa ba ya amsawa. Wanda aka saba ba shi kunu yana kallo, ranar da caji ya ƙare ba zai buɗe baki ba. A janye a hankali, a fara da lokacin cin abinci, kuma maigida ma ya kife salularsa a lokacin, don yaro abin da ya gani yake yi.

Masu kabu-kabu, direba mai waya yana tuƙi haɗarinsa ya ninka kusan sau 4. Ka tsaya gefen hanya ka amsa, fasinja zai jira.

Akwai kuma saƙonnin murya na magani, wannan ya ce a haɗa ƙwaya kaza da kaza, wancan ya ce rigakafi na hana haihuwa. Dubi saman saƙon: kibiya biyu na nufin ya bi hannaye da yawa, ba wanda ya san daga bakin wa ya fito. Kada ka tura shi gaba, kada ka sha abin da ya ce. Zo da salular zuwa CSI, wato cibiyar lafiya, mafi kusa da kai, a saurara tare da ma'aikacin lafiya, ya faɗa maka abin da ke ciki na gaskiya da wanda zai iya lahanta ƙoda ko hanta.