Fiyano da goge su biyu kacal: yaya wasansu ke tara wa bikin kiɗa kuɗi?

Wane irin wasa ne wannan?

Makaɗa biyu ne a kan dandamali: ɗaya zaune gaban fiyano, ɗaya tsaye da gogen Turawa maƙale tsakanin haɓa da kafaɗa. Babu mawaƙi, galibi ko lasifika babu. Kafin a fara, mai fiyano zai taɓa sauti ɗaya, mai goge ya yi ta murɗa tsirkiyoyinsa huɗu har su yi daidai da shi. Sau da yawa akwai mutum na uku da ba wanda ke tafa masa, wato mai juya wa ɗan fiyano shafin takardar kiɗa.

Me ya sa biki ke neman tallafi, alhali yana sayar da tikiti?

Domin da wuya kuɗin ƙofa su ɗauki nauyinsa. Ga hayar zaure, ga kuɗin jirgi da masaukin makaɗa, ga ladan mai saita fiyano, wanda ke da wayoyi sama da 200 da akan bi kafin kowane babban wasa. Babbar ƙungiyar makaɗa kan kai mutum 80 ko fiye, kowa da haƙƙinsa. Mutum biyu kuwa ba sa cin kuɗi sosai, wani lokaci ma sukan yafe ladansu, sai kusan duk abin da aka tara ya shiga asusun bikin.

Mai fiyano ɗan rakiya ne kawai?

Ko kusa. A ganina nan sababbin masu sauraro suka fi yin kuskure, don ido kan tafi ga wanda ke tsaye. Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya rubuta sonata 10 na waɗannan kayan kiɗa biyu (sonata dogon kiɗa ne mai kashi-kashi, ba waƙa a cikinsa), kuma a cikinsu karɓa-karɓa ake yi: goge ya jefa jimla, fiyano ya cafe ya mayar masa da ita a wata siga.

Sonata ta tara a cikinsu tana da labari. An fara kaɗa ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1803, Beethoven da kansa a kan fiyano, mai gogen kuma George Bridgetower ne, wanda mahaifinsa baƙar fata ne. Daga baya suka ɓata, sai Beethoven ya sadaukar da kiɗan ga wani mai goge, Rodolphe Kreutzer na Faransa. Shi kuwa bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba, amma har yau da sunansa ake kiran sa.

Yaushe ake tafi?

Sonata kan zo kashi uku ko huɗu, da ɗan shiru a tsakani. Ba a tafi a wannan shirun. Ka jira har mai goge ya sauke gogensa daga kafaɗa, mai fiyano ya miƙe tsaye.