Waiwaye: Ƙwayar da ke ɓoye cikin fasfo

Duk wanda ya karɓi sabon fasfo a Garwa ko Marwa ta Kamaru, in ya duba ƙasan bangon zai ga wata 'yar alama mai kusurwa huɗu da da'ira a tsakiya. Ita ce shaidar cewa akwai ƙwayar lantarki a ciki, ɗauke da suna da hoto da sauran bayanan mai shi.

Asalin abin ya girmi fasfon kansa. A 1974 wani Bafaranshe, Roland Moreno, ya yi rajistar fasahar kati mai ƙwaya, kakar katin banki da sim ɗin waya. Maleshiya ce ta fara saka ta a fasfo a 1998. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, Amurka ta matsa wa ƙasashen da ke shiga ƙasarta ba biza su koma irin wannan fasfo, ta ba su wa'adi zuwa Oktoban 2006, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma ta tsara ƙa'ida ɗaya ga kowa. Najeriya ta bi sahu a 2007.

Ƙwayar ba ta da batir. Wata siririyar waya ce aka naɗe kewaye da ita, ita ke zuƙo wuta daga na'urar jami'in shige da fice idan an kusanto da fasfon, tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba. To, a nan gizo ke saƙar. Ƙwayar kanta ba ta cika mutuwa ba, mahaɗarta da wayar nan ce ke tsinkewa. Mutum ya cusa fasfo a aljihun baya, ya hau babur daga Kusiri zuwa Njamena, ya zauna a kai, ga gumi, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Yau lanƙwasa, gobe lanƙwasa, wata rana sai na'ura ta yi shiru.

Shi ya sa masu ƙerawa suka koma ga roba mai tauri da ake kira folikabonet. Ana jera falle-fallenta, a sa ƙwayar a tsakiya, a gasa su har su zama abu guda, sannan a zana hoto da suna da hasken leza a cikin jikin robar. Mai son sauya hoto sai dai ya farfasa shafin. Irin robar ce aka yi katin ɗan ƙasa na Kamaru da ita a 2016.

A ganina ƙarko ya fi damun mutanenmu a kan duk wata ƙawa. Tun 1 ga Yulin 2021 fasfon Kamaru ya tashi daga sefa dubu 75 zuwa dubu 110, na shekara 5 kacal. Maniyyacin da ya sayar da bijimi ya biya wannan kuɗi, in ƙwayar ta lalace ba mai gyara masa a kasuwa kamar waya, sai dai ya sake biya a yi masa sabo.