Asalin Lord Byron a Skotland da ƙuruciyarsa a Aberdeen

George Gordon Byron, wanda aka fi sani da Lord Byron, marubucin waƙoƙin Turanci ne da aka haifa a Landan ran 22 ga Janairu 1788, ya mutu a Missolonghi ta ƙasar Girka ran 19 ga Afrilu 1824. Yawanci cikin marubutan Ingila ake lissafa shi, amma ta wajen uwa ɗan Skotland ne, kuma can ya yi wayo har ya kai shekara 10.

Dangin uwa

Mahaifiyarsa Catherine Gordon ita ce magajiyar gidan Gight, wani tsohon gidan masu ƙasa a bakin kogin Ythan a yankin Aberdeenshire. Gordon ɗin Gight reshe ne na babban gidan Huntly, wanda ya kafa reshen shi ne William Gordon, ya mutu a yaƙin Flodden a 1513. Catherine tana yawan alfahari da cewa ita jinin Sarki James na Ɗaya na Skotland ce ta hanyar 'yarsa Annabella, sai dai masu bin salsala sun yi saɓani kan ko Annabella ce ta haifi William ko wata matar babansa.

Gidan dai ya yi suna wajen rigima, tarihinsu cike yake da gaba da maƙwabta da kashe-kashe. Kakan Catherine ya nitse a kogin Ythan a 1760, babanta kuma aka tsinci gawarsa cikin ruwa a Bath a 1779, dukkansu biyu an yi zargin su suka kashe kansu.

A 1785 ta auri Kyaftin John Byron a Bath, mutumin da bashi ya yi wa katutu, har ya ɗauki sunan Gordon saboda dukiyarta, kafin shekara biyu ya cinye ta tas, dole aka sayar da Gight ga gidan Earl na Aberdeen a 1787. Wato tun kafin a haifi yaron gado ya riga ya tafi.

Zaman Aberdeen

Wajen 1789 ko 1790 Catherine ta koma Aberdeen da ɗanta, suka kama haya a Queen Street sannan suka koma Broad Street, abin da ke shigo mata bai wuce fam 150 a shekara ba kuma mijin yana zuwa yana tatsa, daga baya ya gudu Faransa ya mutu a Valenciennes a 1791. An haifi Byron da lanƙwasasshiyar ƙafa, abin ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa, ga uwa mai zafin rai, yau lallashi gobe zagi.

Masu rainonsa 'yan'uwa ne biyu, Agnes da May Gray, a hannunsu ya fara karatun Baibul irin na 'yan ɗariƙar Calvin, ya fi son Tsohon Alkawari. Akwai rahoton cewa May ta ci zarafinsa. Ya fara makaranta yana ɗan shekara biyar, sai Aberdeen Grammar School wajen 1794 ko 1795.

A tsakanin 1795 da 1796 ya yi wani zazzaɓi mai tsanani, aka kai shi jinya wata gona kusa da Ballater a kwarin kogin Dee, nan ya ga dutsen Lochnagar wanda ya yi wa waƙa a littafinsa Hours of Idleness na 1807. Akwai kuma tsohuwar gadar Balgownie a kan kogin Don, mutanen gari na da camfin cewa za ta rufta ran da ɗa tilo ya hau ta a kan dokin da shi ma tilo ne wurin uwarsa, Byron kuwa tilo ne wurin tasa uwar, shi da kansa ya ba da labarin yadda yakan leƙa ruwan daga kan gadar yana jin tsoro yana jin daɗi.

A watan Mayu 1798 wan kakansa na wajen uba, mai riƙe da sarautar gidan Byron, ya mutu, sarautar Baron Byron na shida ta faɗo kansa, a bazarar nan suka tashi zuwa Newstead Abbey, gidan gadon dangin Byron a Nottinghamshire ta Ingila. Bai sake taka Skotland ba.

Yadda ya ɗauki asalinsa

Mujallar Edinburgh Review ta yi kaca-kaca da littafin nasa Hours of Idleness a 1808, ya rama a 1809 da doguwar waƙar zambo English Bards and Scotch Reviewers. Daga baya ya huce, a cikin waƙarsa Don Juan ya ce ta haihuwa rabinsa ɗan Skotland ne, ta tarbiyya kuwa gaba ɗayansa.

Abin da ya rage a yau

Kangon Gight na nan kusa da Methlick. Mutum-mutumin Byron na tsaye a gaban Aberdeen Grammar School tun 1923, ko da yake makarantar ta bar ginin da ya yi karatu ciki tun 1863.