Kemo ke kashe mai ciwon daji, ko makara?

An daɗe ana cewa da zarar an fara yi wa mai ciwon daji ƙarin ruwan kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cutar, to a fara shirin zaman makoki. Wannan magana tana ci mini rai, don ita ke sa mace ta ji ƙullutu a mama ta ɓoye, ta yi wata da watanni tana jiƙe-jiƙe.

Kemo magani ne mai ƙarfi, babu musu. Ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa yake kai wa hari, shi ya sa yake taɓa saiwar gashi, fatar baki da ɓargo. Gashi ya zube, baki ya yi miki, amai ya taso, garkuwar jiki ta raunana. Idan zazzaɓi ya zo a lokacin, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Amma gashin yakan dawo, kuma ana gwada jini kafin kowane zagaye.

Galibi makara ce ke ɗaukar rai. Sai cutar ta bazu zuwa hanta ko huhu ake zuwa, sannan a ɗora wa magani laifi. Kansar da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kemo na sa kumburinta ya sace cikin kwanaki, kuma yara da yawa sun warke.

Masu cewa ganye ya fi aminci su sani vincristine ma, ɗaya daga cikin magungunan kemo, daga wani furen Madagaska aka samo shi, sai dai an auna adadinsa. Akwai kuma tiyata, gasa ƙarin da na'ura, da maganin tamoxifen ga wani nau'in kansar mama. Sakamakon gwajin tsokar ƙarin ne ke nuna wa likita wanda ya dace.